Man da zabiya ke shafawa magani ne, ba kwalliya ba

Ranar da ƙanwata ta haihu ni ce a kanta a asibiti, ni aka fara miƙa wa jaririyar a cikin zani. Fara ce sol, gashinta kamar an jiƙa shi da ruwan zuma, idonta a runtse gam saboda hasken tagar ɗakin. Nas ɗin ta ce min Hajiya zabiya ce fa, amma lafiyarta ƙalau. Na ce Alhamdulillahi. Ƙanwata ta ɗago kai daga kan gado ta ce "Yaya me ya faru, me ya sa kowa ya yi shiru?" na ce ba komai, ƴar ki ce kyakkyawa. Kafin la'asar uwar mijinta ta iso, ta buɗe zanin ta duba ta mayar ta rufe, abin da ya fara fitowa daga bakinta shine "mu dai a danginmu kaf babu wannan". Shekara goma sha biyu kenan amma wallahi har yau in na tuna maganar nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Toh bari in fara da wannan tunda nan ne gidaje ke fara tsagewa. Inna, uwar mijin nata, ba gaskiya ta faɗa ba, ko da yake ba da gangan ta yi ba, rashin sani ne. Ba a haifar zabiya sai uwa da uba DUKA suna ɗauke da ƙwayar gadon, ɗaya daga nan ɗaya daga can, kuma su kansu baƙaƙe ne wuluk babu alamar komai a jikinsu. Kaman dai sikila ne da muka riga muka sani, AS ya auri AS. In iyaye biyu masu ɗauke da ita suka haɗu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo zabiya, kowane ciki fa da lissafinsa, ba wai in an haifi ɗaya shikenan sauran ukun sun tsira ba. Ƙwayar tana iya kwana a dangi kaka da kakanni ba ta fito ba. Saboda haka ba fitar tsakar rana da ciki ba ne, ba gamo ta yi ba, ba wanka ta yi a bayi da daddare ba, ba kuma abin da wasu marasa tsoron Allah ke raɗawa a gidan suna ba ne, wanda kazafi ne tsagwaronsa ga matar aure. Jikin yaron ne kawai ba ya yin sinadarin melanin yadda ya kamata, shi wannan sinadarin shi ke ba fata da gashi da ido launi, shi ne kuma lemar da Allah ya yi mana a jiki take tare mana zafin rana.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, mu a ƙasar nan ciwon fata ba mu ɗauke shi ciwo ba. In ba zazzaɓi ba ne ko mutum ya kwanta ya kasa tashi, to lafiyarsa lau. Fata kuwa an bar ta a layin kwalliya, layin mai da hoda. Wannan tunanin yana kashe mutane, kuma ba ƙari nake yi ba.

Akwai wani bawan Allah a unguwarmu, zabiya ne, rake yake sayarwa a bakin titi a baro tun ina budurwa. Daga hantsi har magariba yana tsaye a rana, hula ƴar ƙarama ce a kansa wadda ba ta rufe kunne ba ta rufe ƙeya. Wuyansa ya yi ja ya yi kaushi kamar fatar da aka jeme, leɓensa kullum a fashe. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a saman kunne, ya yi ɓawo ya ɓare ya sake yi, ba ya warkewa. An sa masa man shanu, an sa toka, an je wajen wanzami, an sayo kafso a kemis an fasa an barbaɗa. Wasu suka ce sammu ne. Sai da ya shekara biyu da abin, kunnen ya fara cinyewa yana wari har masu sayen rake suka fara gudunsa, sannan aka haɗa kuɗi a masallaci aka kai shi babban asibiti. Kansar fata ce, kuma ta riga ta shiga ciki. Bai kai shekara arba'in ba ya rasu, ya bar mata da yara uku. Allah ya jiƙansa. Abin da likitan ya faɗa wa ƙaninsa shi ne ya fi min ciwo, wai da lokacin da yake ɗan ɓawo aka kawo shi, aikin mintoci ne a ƙone wurin ko a yanke.

Rana ce ta kashe shi. Ranar nan tamu ta Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram wadda a watan Afrilu take wuce digiri 40. Mu masu baƙar fata muna yawo a cikinta mu yi gumi mu sha ruwa shikenan, shi kuwa kowace rana ƙona shi take yi tana tara masa illa a fata tun yana goye a bayan uwarsa. A Turai ana lissafin kusan mutum ɗaya cikin 17,000 zuwa 20,000 ne zabiya, kuma suna tsufa kamar kowa. A Afirka kudu da Sahara sun fi yawa, ana cewa ɗaya cikin 5,000 zuwa 15,000, a Tanzaniya ma har ɗaya cikin 1,400, kuma a nan ne kansar fata ke ɗauke da yawansu suna samari. Larurar iri ɗaya ce, bambancin rana ce da talauci da kuma rashin wanda zai gaya wa uwa tun ranar haihuwa cewa kar ki shanya yaron nan a rana.

Mu ma ba wanda ya gaya mana. An sallame mu daga asibiti da katin rigakafi kawai. Sai da yarinyar ta kai wata takwas, ranar wani biki aka goya ta aka yi ta yawo da ita a rana, da daddare fuskarta da hannuwanta suka yi jawur suka tashi ruwa ruwa kamar an zuba mata tafasasshen ruwa, ta kwana tana tsala ihu uwarta na kuka ni ina kuka, sannan muka nemi likitan fata. Shi ya zaunar da mu ya yi mana bayani, riga mai dogon hannu mai kauri, hula mai faɗin baki, a guji rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, sai man kariya daga rana mai lamba 50 a shafa a duk inda tufa bai rufe ba, a sake shafawa duk bayan awa biyu in tana waje, sannan a riƙa kawo ta ana duba fatar ko da ba ta ciwo.

Man nan shi ne matsalar. Ba a ƙananan kemis ake samunsa ba, sai manyan shagunan cikin gari, a kan kanta ɗaya da turare da jan baki, kusan duk daga waje ake shigo da shi, ƴar ƙaramar roba dubban nairori kuma in ana shafawa yadda likita ya ce ba ta yin wata. Mutumin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne, in ma yana da albashin, ga buhun masara ga kuɗin makaranta ga haya, ta ina zai fara? Mijin ƙanwata tela ne. Akwai watannin da muke karo karo ni da yayanmu kafin a saya, akwai watannin da ba a saya ba sai dai a kulle ta a ɗaki. Kuma abin takaici a kasuwa ɗaya za ka ga man bilicin kala kala a tire, mai araha, har a sashe ana sayarwa, wanda ke ɓata fatar da Allah ya yi lafiyayya, amma man da zai tsare ran yaro babu shi.

A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man kariya daga rana a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, saboda zabaya. Ke nan magana ta ƙare, magani ne kamar maganin zazzaɓin cizon sauro. Ni ra'ayina shine gwamnatocin jihohinmu su saye shi su ajiye a asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni da ƙauyuka, duk uwar da ta zo da zabiya a rubuta sunan yaron a ba ta kyauta duk wata, yadda ake raba gidan sauro da maganin tarin fuka. A cire masa harajin shigowa. Mafi kyau ma a haɗa shi a nan gida, a Tanzaniya akwai wurin da ake haɗa shi a Moshi ana raba wa zabaya, mu da muke da sashen haɗa magunguna a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato me zai hana? Wani zai ce ai gwamnati na da manyan matsaloli, ga tsaro ga yunwa ga mata na mutuwa wajen haihuwa. Na yarda. Amma a lissafa kuɗin robar mai da kuɗin tiyata da na gashin cutar kansa na mutum ɗaya a ga wanne ya fi, kuma zabaya ba su da yawan da za su karya kasafin kuɗin jiha.

Ba wai babu takardu ba ne fa. Najeriya na da manufar ƙasa a kan zabaya tun 2012. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabaya, an fara a 2015, kuma wadda aka fara naɗawa ƙwararriya mai sa ido kan haƙƙinsu a duniya ƴar Najeriya ce, Ikponwosa Ero, ita ma zabiya ce. Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabaya tun 2006 yana ta fama. Duk shekara a yi taro a otal a Abuja a ɗauki hoto a raba hula, amma je ka ƙaramin asibitin ƙauyenku ka tambayi ma'aikaciyar da ke wurin me za ta gaya wa uwar da ta haifi zabiya.

Sai makaranta, wadda ita ce ta fi cin raina yanzu. Mutane ba su san zabiya ba fata kaɗai ba ce, har da ido. Idonsu na rawa, haske na damunsu, ba sa gani daga nesa, kuma tabarau na taimakawa ne kawai ba ya gyarawa gaba ɗaya. Ƴar ƙanwata ta yi aji ɗaya da aji biyu na firamare ana ce mata daƙiƙiya, tana zuwa ta kusan ƙarshe, ashe a bayan aji aka ajiye ta saboda ta fi sauran tsawo, allon ma ba ta ganin komai a kai sai fari fari. In ta kai littafi dab da hancinta don ta karanta yara su yi ta dariya, malam ya ce ta daina wasa. Ranar da ta makara aka sa su durƙuso a tsakiyar fili da rana tsaka ta dawo gida wuyanta ya saɓule. Na je makarantar, ban yi faɗa ba don na ga malamin yaro ne kuma bai sani ba, na ce Malam dan Allah ka dawo da ita benci na gaba, ka riƙa rubutu manya, in za ka hore ta ka hore ta a inuwa. Ya ce "Hajiya wallahi ba wanda ya taɓa faɗa min". Zangon da ya biyo baya ta zo ta bakwai. Ko sisi ba a kashe ba. Yara nawa ne aka cire daga makaranta aka ce ba su da ƙwaƙwalwa, aka ɗora musu tallan gyaɗa ko aka tura su gona, wato aka mayar da su cikin ranar da za ta kashe su?

A layin likitan fata ne na gane cewa mu namu ma da sauƙi. Na ga wata mata daga ƙauye da jariri a naɗe da bandeji tun daga wuya har ƙafa, ciwonsa likitoci na ce masa epidamolisis bulosa, a taƙaice EB. Fatarsa ba ta manne da naman jiki yadda ya kamata, ɗan gugar zani ko ɗaukarsa ta hammata sai wurin ya tashi ƙuraje masu ruwa ya saɓule kamar ƙuna. Har cikin baki yake yi, shan nono ma azaba ne. Ta ce min kullum sai ta yi awa biyu tana jiƙa bandejin da ruwan ɗumi tana ɓare shi a hankali don in ya manne da fatar yake tahowa, yaron na ihu har muryarsa ta dishe, ita kuma ba ta taɓa goya shi ba tunda ta haife shi. Uwa Bahaushiya da ba ta iya goya ɗanta! Masu irin mai tsanani yatsunsu na haɗewa su manne saboda tabo a kan tabo. A Amurka an amince da wani maganin shafawa mai gyara ƙwayar halitta a 2023, amma kuɗinsa ba na irinmu ba ne, abin da matar nan ke nema bandejin da ba ya mannewa ne kawai da maganin rage zafi, shi ma babu.

Na kuma ga wani yaro ɗan kamar shekara tara mai iktiyosis, fatarsa ta bushe ta yi ɓawo ɓawo kamar ta kifi, fatar idonsa ta ƙasa ta juye. Babansa ya ce da hunturu fatar tsagewa take yi har jini, da bazara kuma tunda ba ya iya yin gumi sosai jikinsa ɗaukar zafi yake kamar tukunya sai an yi ta zuba masa ruwa, ga babu wuta balle fanka. Babbar robar basilin ba ta yi musu sati biyu. Amma da na tambaye shi me ya fi damun yaron, bai ce ƙaiƙayi ba, ya ce a makarantar allo ba mai cin abinci kwano ɗaya da shi, ana cewa kuturta ce. Ba kuturta ba ce, kuma duk cututtukan nan da na lissafa babu wanda ake ɗauka, ko ka kwana gado ɗaya da mai shi shekara ɗari.

Wannan ɓangaren ba na gwamnati ba ne, namu ne. Mu ne muke bin yarinya a layi muna "baturiya, baturiya", a Nijar a ce anasara. Mu ne mai mota ke wucewa ya ƙi ɗauka. Mu ne in saurayi ya fito neman aure zabiya ne sai a ce a'a kar ya ɓata mana iri, alhali in ya auri wadda ba ta ɗauke da ƙwayar yaransa baƙaƙe za su zo. Alhamdulillahi a nan ba mu kai abin da aka yi ta yi a Tanzaniya da Malawi ba inda ake kashe su ana yanke gaɓoɓinsu don tsafi, amma kar mu yi saurin wanke kanmu, wulaƙancin yau da gobe shi ma yana cin mutum. Ƴar ƙanwata tana shekara shida ta tambayi uwarta "Umma in na yi ta wanka da baƙin sabulu zan zama irin ku?" Allah da kansa ya faɗa a Suratur Rum cewa bambancin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinsa. Ina roƙon malamanmu su ɗauki huɗubar Juma'a guda ɗaya tak a shekara su yi magana a kan wannan, don abin da liman ya faɗa a mumbari ya fi fosta dubu shiga kunne.

Sai maganar da na san wasu ba za su so ba, auren zumunci. Ban ce haramun ba ne, ban ce a daina ba, ni kaina iyayena ƴan wa da ƙani ne. Kuma ana haifar zabiya ko mai EB tsakanin mutanen da ba su haɗa komai ba. Amma gaskiya ita ce in jini ɗaya ne, yiwuwar a ce su biyun suna ɗauke da ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya ta fi yawa, shi ya sa a ƙasashe irin su Tunisiya da Maroko inda ake yawan auren dangi ake yawan samun yaran da sam ba sa iya shiga rana saboda wani ciwon gado da ake kira zerodama pigmentosum. Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na sikila, abu ne mai kyau ƙwarai. Gwajin ba ya nuna waɗannan na fata, amma tunda an riga an zaunar da saurayi da budurwa gaban ma'aikacin lafiya, me zai hana a tambaye su ko an taɓa haihuwar yaro mai irin wannan larurar a dangi, a yi musu bayanin ɗaya cikin huɗun nan, su shiga da idonsu a buɗe? Matar nan mai jariri a bandeji, na uku kenan da ta haifa da ciwon, biyu sun rasu, kuma har ranar da muka haɗu dangin mijinta na cewa nononta ne ba shi da kyau.

Ita dai tamu yanzu ta gama firamare, ta iya shafa manta da kanta, ta san in inuwarta ta gajarce to lokacin shiga ɗaki ya yi. Kakanta na wajen uba, mijin Innar nan da ta ce babu wannan a danginsu, shi ya je kasuwar ƙauye ya sa aka saƙa mata ƴar malafa daidai kanta irin ta Fulani makiyaya, tana ɗorawa a kan hijabi. Inna kuwa yanzu ko jikokinta ta ji sun ce baturiya sai ta bi su da muciya. Sakandaren da ta samu yunifom ɗinsu na wasanni gajeren hannu ne kuma ana tsayuwar asambili a fili har rana ta take, babanta ya riga ya ɗinka mata mai dogon hannu da yadi iri ɗaya, ni kuma na karɓo takarda daga wajen likita, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je in ga shugabar makarantar kafin a raba musu wurin zama.